Rabin Hoto

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, Makoda

Harafi ɗaya ya wuni yana yi mini yawo a ka. Na ga sabon gilashin kyamara a waya, an ƙara masa "F" a suna. Mu masu hoto sai gardama muke, wasu na cewa alama ce kyamara mai ɗaukar cikakken hoto na tafe. Ko tsohon gilashina zai hau kanta?

Muna ɓarar gyaɗa ina yi wa Baba bayani, sai ya dakata.

"Cikakke? Wato duk shekarun nan rabin hoto kake ba mutane?"

Na yi ta dariya. Amma ɗazu na ɗauko hoton sunan 'yata. Inna, Allah ya jiƙanta, tana can gefe, kafaɗarta kaɗai ta fito. Da waccan kyamarar ce, ko da fuskarta ta shiga?