Maganar da na faɗa miki a kan jinin Safiya

Assalamu alaiki, Hajara, matata, uwar Safiya.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Allah, ina rubuto miki ne daga ɗakinmu na unguwar Maamobi a Accra, shekara huɗu da rasuwarki.

Kin tuna yadda ciwon Safiya ya fara, tana shekara shida. Zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashinta na zubar da jini, ta daina bin yara zuwa makaranta saboda ƙafafunta na ciwo. A babban asibiti aka ce sankarar jini ce.

Ranar da muka dawo da labarin, a tsakar gida, gaban makwabta, na ce miki: "Jinin gidanku ne. Ai ƙanenki ma yana yaro ya mutu." Kina wanke tukunyar waakye, shinkafa da wake, a lokacin. Ba ki ɗago kai ba.

Wata takwas kina goya ta zuwa asibiti. Ni direban motar haya ne, trotro, kullum ina bin hanyar, amma ban taɓa kai ku ba. Na sha hango ki a tashar Nima kina jiran wata motar, sai in kau da kai. Da Safiya ta rasu, muka ƙara shekara tara tare, ban janye maganar ba.

Watan jiya Abdulkarim, ɗan yayana, ya dawo daga Maroko inda ya karanta likitanci. Ya ce ya ga yara da yawa masu irin ciwonta a can. Ya bayyana mini cewa cikin ƙwayoyin da ke haifar da jini akwai wasu siraran abubuwa da ake kira kuromosom. Wani lokaci ɗaya ya karye ya manne a inda bai kamata ba, ko yawansu ya wuce ƙima. A jikin yaron abin ke faruwa, kuma galibi ba gado ba ne daga uwa ko uba.

Washegari na tafi Alajo wurin yayarki Mariama, na gaya mata na zalunce ki. Sannan ta ce ai kin sani, likita ya gaya miki tun Safiya na raye cewa ba daga gare ki ba ne. Ta ce ta matsa miki ki faɗa mini, kika ce: "Ki bar shi, Yaya. In bai ɗora mini ba, kansa zai ɗora wa, kuma ba zai iya ɗauka ba."

Hajara, ban san yadda na iso gida ba ranar.

Ki yafe mini. Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da 'yarmu a Aljanna, ya ba ni ikon tsayawa gabanki in faɗa da bakina.

Mijinki,
Salifu