Tukunyar Jidda

Daura, ranar Litinin

Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Baba da mutanen gida ma suna lafiya. Ni ma ina nan kalau, shagon gyaran rediyo yana tafiya yadda kika bar shi. Kabo direba ne zai miƙa miki wannan takarda, tun da wayar salular da ake ta yayi ba ta iso Baure ba har yanzu.

Dalilin rubutowata shi ne talo-talonki, Hakimi. Tun da kika tafi Hakimi ya karɓe mulkin tsakar gida. In na fito alwala sai ya kumbura, ya baje wutsiya, ya raka ni har bakin bayi. Jiya ya cafke ni a ƙwauri. Dukiyarki ce, ba ni da ikon sayarwa ko yankawa, don haka ki faɗa mini yadda za a yi da shi.

Sai magana ta biyu, ƙarama ce. Sabon wake ya shigo kasuwa, na ga wani fari tas na saya ban san dalili ba. In ba damuwa, ki rubuto mini yadda kike yin romon nan na wake da kyafaffen talo-talo. Tukunyar Jidda tana nan a kan kantar ɗaki, ba wanda ya taɓa ta. Shayi da burodi sun ishe ni haka.

Liman ya tare ni bayan sallar Juma'a. Ya ce yanzu da shari'a ta dawo sai mu riƙa yin abu bisa ƙa'ida, a ɗakinki ya kamata ki yi idda, ba a gidanku ba. Yaya Dabo kuma ya ce ai saki ɗaya ne, muddin idda ba ta cika ba kalma ɗaya zan furta gaban shaidu ki dawo. Na ce musu na ji. Ban furta ba tukuna, na fi son in fara ji daga bakinki.

Gidan ya yi mini girma. Ki gaida Baba da kyau.

Ni ne,
Zulkifilu

Baure, ranar Alhamis

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da tabon baƙin mai a gefenta, tun kafin in buɗe na san daga inda ta fito. Baba yana amsa gaisuwa.

Allah ya yafe mini, na yi dariyar ƙwaurinka. Amma Hakimi ba mugu ba ne, kaɗaici ke damunsa tun da aka yanka matarsa.

Ka ba ni mamaki da kake tambayar romon wake kamar ba a kansa muka rabu ba. Bari in tuna maka, na san ka da saurin mantuwa. Ka shigo da tukunyar lantarkin da wani alhaji ya kawo daga Jidda, bakinka har kunne, ka ce ita kaɗai take dafa abinci a hankali daga safe zuwa yamma, ba ice ba hayaƙi. Na ce maka wutar unguwarmu ba ta kai yamma. Ka ce in yi shiru in zuba ido, har ka gayyato abokanka. Kafin azahar aka ɗauke wuta. Baƙi suka zauna, aka buɗe, wake kamar tsakuwa. Na ce musu su tambayi Injiniya, suka bushe da dariya. Na yarda bakina bai kyauta ba. Amma da suka tafi, tukunyar marigayiya Inna ta ƙasa ka sa wa ƙafa, abu ɗaya da ya rage mini nata. Abin da na faɗa bayan nan da abin da ka mayar mini, ba sai na rubuta ba.

Game da maganar Yaya Dabo, gaskiya ya faɗa, ikon yana hannunka. In ka furta zan dawo, ba zan saɓa wa Allah ba. Sai dai ka sani ƙafafuna ne za su dawo. Ina roƙonka ka bar ni in cika iddata, in ji me zuciyata za ta ce ranar da ba wanda ke da iko da ita. In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba, haƙuri ba ya cikin kayan aikinka.

Hakimi kuwa ka sa a yanka. Ka yayyanka manya-manya, ka shafe da gishiri da citta da masoro, ka shimfiɗa kan raga a saman garwashin marke. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Sai ya yi ja ya bushe kafin ka sauke. Waken ka tsince, ka jiƙa tun da wuri. Ka zuba shi a tukunya da nama da albasa mai yawa, daddawa, attarugu, ɗan yankin kabewa, ruwa ya sha kansu. Gishiri sai can ƙarshe. Ban da kanwa. Ka rufe ka bar shi.

Ka huta lafiya.
Saudatu

Daura, ranar Asabar

Saudatu,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Abin da kika roƙa ya yi mini nauyi, amma na ɗauka.

An yanka Hakimi. Na zaci zan ji daɗi, sai ga shi tsakar gidan ta yi tsit har ina jin ƙarar takalmina. Na wuni gaban raga ina juya nama, idona yana ta ruwa. Maƙwabcinmu Amadu ya leƙo ta katanga ya tambaya ko lafiya, na ce hayaƙi ne.

Kyafi dai ya yi kyau, ko ke sai kin yaba. Romo ne ya ƙi. Na aro ɗan janareta saboda kada tarihi ya maimaita kansa, na zuba komai yadda kika ce, na kunna. Tukunyar nan ba ta ƙara, ba ta tururi, ba ta komai. Mutumin da ya saba in abu ya yi shiru to ya lalace, yaya kike so ya yi? Na buɗe na duba. Na koma na zauna, na sake buɗewa. Da la'asar ta yi na ga wake yana kallona ina kallonsa, na jefa kanwa, 'yar kaɗan. Ya yi baƙi, ya dame, naman ya rasa ɗanɗanonsa. Na kai wa Amadu, ya yi godiya, da safe na ga awakinsa suna shinshina kwanon suna wucewa.

Akwai abin da Kabo ya faɗa mini ban tambaye shi ba. Wai motar Maliki ɗan gwaggonki, mai fataucin shanu, ba ta rabuwa da ƙofar gidanku, kuma kowa ya san tun rasuwar matarsa yake neman wadda za ta riƙe masa gida. Yaya Dabo ma ya ji. Ya zo shago ya ce in na bari idda ta cika na zama bare, sai in bi layi kamar kowa, kuma mai gyaran rediyo ba ya layi ɗaya da mai shanu.

Ba tuhumarki nake ba. Ki dai gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Saura cinya ɗaya da ƙirji cikin naman, na rataye su inda kike rataye albasa.

Naki,
Zulkifilu

Baure, ranar Talata

Injiniya,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Na san za ka sa kanwa. Tun ina rubuta "ban da kanwa" nake ganin hannunka yana laluben gwangwanin.

Gaskiyar da ka nema ga ta. Maliki yana zuwa gaida Baba, kuma bai taɓa son Baba haka ba sai bana. Bai ce mini komai ba, ya san haramun ne neman mace tana idda. Amma Gwaggo ta ce isasshe a madadinsa. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, ban taɓa jin ya fasa ko moɗa ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, lokacin faɗa bai yi ba. Na shiga tsarki na ƙarshe, saura kaɗan.

Kai ba wuta ce matsalarka ba, murfi ne. Duk buɗewa ɗaya, zafin da ya taru ya tafi, wake ya koma baya. Inna ba ta zama kusa da tukunyarta ma. Da sassafe take tafasa shi sau ɗaya, ta janye icen, ta tona rami cikin toka mai zafi ta zaunar da tukunyar, ta tara garwashi a gefe, ta rufe da ƙaiƙayi. Bakin murfin ta liƙe shi da ƙullu. Daga nan sai mu tafi gona roron wake. Ina ƙarama nakan ce mu koma mu duba, ta ce wanda ya duba shi zai ci ɗanye. In mun dawo da yamma, tun daga bakin zaure ƙanshin ke tarbar mu. Sai a lokacin take sa gishiri da ɗan man gyaɗa da ganyen zogale.

Shekaran jiya na so in yi shi a nan. Na tsince wake har na jiƙa, sai na tuna ba tukunyar. Na zauna na yi kuka, ban san ko na Inna ba ne ko na wani abu.

Gidan Baba shiru ne. Da nakan yi mita da rediyoyin mutane da kake kwasowa gida, wannan na tsaki wancan na shaƙewa. Yanzu in hantsi ya yi sai in ji kunnena yana neman su. Na faɗa maka ne don gaskiya ka nema, kada ka ɗauke shi alkawari.

Wassalam.
Saudatu

Daura, ranar Lahadi

Saudatu,

Assalamu alaikum. Wannan takarda ba ita kaɗai ta zo ba. Ki karɓi abin da ke naɗe cikin bargona a hannun Kabo, na ce masa ya ɗora a cinyarsa ko da zai tuƙa da hannu ɗaya.

Bayan na karanta yadda Inna take yi, na sauko da tukunyar Jidda na kwance ta, kin san halina. Ashe ƙarfen na waje riga ce kawai da 'yar waya a ƙasa. Ainihin tukunyar da ke ciki ta ƙasa ce, an dai shafe ta da ƙyalli. Na daɗe riƙe da ita. A kan wannan na fasa miki ta Inna.

Yau da asuba na zuba wake da sauran naman. Wuta tana nan, na kunna har ya ɗauki zafi sosai. Hantsi na yi aka ɗauke, kamar an san ina jira. Ban nemi janareta ba. Dama na hura murhunki, sai na zare tukunyar daga rigarta, na binne ta a toka, na liƙe murfin da ƙullu na rufe da ƙaiƙayi. Na so in tafi shago, ƙafata ta ƙi. Na zauna a kan turminki, hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Ina nan zaune bayan azahar Yaya Dabo ya yi sallama, da Amadu da wani dattijo a bayansa. Ya ce labari ya zo masa ta wajen matarsa cewa yau ko gobe iddarki za ta cika, ga shaidu ya kawo har gida, in buɗe baki kawai. Wallahi Saudatu kalmar ta zo har kan harshena. Na tuna motar Maliki, na tuna ɗakinki da ban iya shiga. Ya ce, "Zulkifilu, za ka yi asarar mace kana zaune gaban murhu?" Na ce, "Yaya, ta roƙe ni." Ya kira ni sunan da ba zan rubuta ba, suka fita.

Sai da la'asar ta yi sanyi na fasa ƙullun. Ban san ko ya yi ba, ban taɓa cin na Inna ba, naki kawai na sani. Na ɗanɗana cokali ɗaya na ji kamar kina bayana za ki ce in matsa. Sauran duk naki ne, naman ma ai dama naki ne.

Ban furta ba, kuma ba zan furta ba. Ina son ki dawo fiye da yadda zan iya rubutawa, amma ba ƙafafunki kaɗai nake so ba. In Maliki kika zaɓa, Allah ya sa albarka, ki riƙe tukunyar a madadin wadda na fasa.

Ki gaida Baba.
Zulkifilu

Baure, ranar Laraba

Malam Zulkifilu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Romo ya iso da ɗuminsa. Gishiri ya yi kaɗan, zogalen kuma ka sa shi da yawa. Baba ya sha kwano biyu. Ni na kankare gindin tukunyar da yatsa, a ɓoye.

Iddata ta cika shekaran jiya. Yau ba ka da iko da ni, ba wanda yake da shi. Gwaggo ta zo jiya da saƙon Maliki, na ce ta yi masa godiya.

Tukunyar na karɓa, tawa ce. Sai dai na lura ba ta zama daidai a murhun gidan nan. Bargonka ma yana nan, ba zan ba Kabo ba. Baba yana zama a zaure ranar Juma'a bayan la'asar, kuma ya ce shi bai san wani mai gyaran rediyo ba, duk mai neman 'yarsa sai ya turo manyansa daga farko. Ka lallashi Yaya Dabo. Cikin kayan da za ku kawo a sa talo-talo biyu, mace da namiji.

Sai na gan ka.
Saudatu