Wa'adin da Ka Bari Ya Wuce

Zuwa ga Baban Sumayya,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, kana kwance a maƙabartar Riyad. Ko da kana da rai ma ba saurarona kake yi ba.

Na fita takaba. Jiya na je wurin lauya a Batha, Sumayya tana yi mini tafinta, ka san larabcina na cefane ne. Ya duba takardun asibiti, ya ce wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Wai doka tana fara ƙirge ne daga ranar da aka sallami ma'aikaci, ba ta jiran mai jinya. Halas, in ji shi, wato zance ya ƙare.

Ina jin haushinka. Ban faɗa ba lokacin da kake haki a asibiti a Shumaisi, ana zuƙe ruwa daga ƙirjinka. Tausayi ya hana ni. Yau zan faɗa.

Ba a gabana likita ya tambaye ka sana'arka ba? Ka ce tun kana saurayi kake fasa tsofaffin rufi da bututu, kana yanka asbestos da inji, ba abin rufe hanci sai ƙyallen da kake ɗaurawa. Ya ce ƙurar nan ce ta yi shekaru a jikinka, ta zama ciwon daji a fatar da ta lulluɓe huhu. Mesotiliyoma. Ni da ban yi boko ba har sunan na haddace.

Isiyaku abokinka, mai karatun shari'a a jami'a, ya yi ta sintiri yana roƙonka ka kai ƙara ofishin ƙwadago kafin lokaci ya ƙure. Ka ce kafil, mai kamfanin da ya tsaya maka a takardun aiki, ubangidanka ne, shi ya kai ka Hajji, shi ya sa hannu aka kawo ni. Ka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta hana shi saya muku abin rufe hanci? Ƙaddara ce ta sa ya sallame ka da jin sunan cutar?

Shi ya san abin da yake jira. Yana zuwa da kwalin dabino, ya sumbaci goshinka, ya ce bukra, gobe za a daidaita komai. Kai kana murmushi, kana sa ni dafa masa shayi. Da wa'adin ya cika ya daina ɗaukar waya. Ko jana'izarka bai leƙo ba. An ce yanzu ya samu kwangila a Dir'iyya, ya kwaso sababbin samari daga gida. Allah ya isa tsakanina da shi.

Iƙamarmu, takardar izinin zamanmu, ta kusa ƙarewa. Sumayya za ta koma Kanon da ba ta sani ba, da Hausar da za a yi wa dariya. Yayanka kuwa ya bugo waya, ba don ta'aziyya ba, wai ina diyya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Likita ya tambaye ni wa ke wanke kayan aikinka. Ni ce nake kakkaɓe su a bakin ƙofa, Sumayya tana rarrafe a gefen baho. Ya ce mu biyun mu riƙa zuwa hoton ƙirji, don abin yana iya yin shiru shekara da shekaru. Yanzu ko ƙwarewa Sumayya ta yi da ruwa sai gabana ya faɗi. Ka taɓa tunanin wannan lokacin da kake jin kunyar ubangidanka?

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, haƙƙinka ne. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Yafiya kuwa, ban kai can ba tukuna.

Matarka,
Rabi