Baba ya riga ya sayi ragon zama kyaftin

Inna Balaraba,

Don Allah ki taimake ni kafin a daina amsa mini sallama a gidanmu. Na san masu rubuto miki da ciwon zuciya suke zuwa, ni kuwa da manhajar waya na zo, amma ki daure ki karanta.

Ni matuƙin jirgin sama ne, mataimakin kyaftin a wani kamfani, haifaffen Ƙauran Namoda. A aikinmu kowa yana da logbuk, littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi: daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, awa nawa. Da awannin nan ake auna mutum, sai sun cika ake fara maganar ba shi kujerar hagu, wato ta kyaftin. Abokan aikina duk sun koma manhaja, ni kaɗai nake yawo da biro kamar malamin awo a kasuwar hatsi. Na duba manhajojin na tace, saura biyu. Ta farko kyauta ce, ba ta motsi in babu sabis, kuma ba ta nuna wa kowa komai sai mai ita. Ta biyun ana biya duk shekara, tana aiki ko babu sabis, ana buga shafukanta a takarda, har kana iya buɗe wa wani ya riƙa ganin jimillar awanninka a wayarsa. Duk mai hankali ta biyun zai ɗauka. Ni hujjar ɗaukar ta farko nake nema.

Dalili kuwa mahaifina ne, Malam Ladan. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi yake rubuta shigowar jirgin ƙasa da fitarsa a tashar Ƙaura, har jirgin ya gaji shi bai gaji ba. Ranar da na fara tashi ya sayi ƙaton littafi, ya ja masa layi da rula. Duk na sauka sai na kira shi, ya tambayi ƙarfe nawa na tashi, in karanto masa daga littafina. Lokacin sauka kam ba ya tambaya, wai raini ne ga mai agogo a hannu. Da wayata ta shigo zai duba agogonsa ya rubuta. To mu da agogon GMT muke rubutu, wanda yake bayan namu da awa guda, ga kuma jiran fasinjoji su gama fita kafin in samu in kira. Ke nan kowane tashi Baba yana yi mini gyaran awa guda da ɗoriya, abin da ko mai tumatir ba ya yi wa surukinsa.

Ni ban san haka lissafinsa yake tafiya ba. Hanyar gida ta zama yadda ta zama, ina daɗewa ban je ba, in na je ma littafin yana kulle a akwati. Sai makon jiya ƙanwata Nusaiba ta turo mini hoton shafin ƙarshe da murnarta. A lissafin Baba na cika awannin kyaftin tun azumi. A lissafin gaskiya ina da sauran tafiya mai nisa, ta fi shekara.

Baba kuma ba mai ɓoye alheri ba ne. Majalisar bakin tasha ta ji, liman ya ji, ƙanensa Armiya'u ya ji daga Shinkafi har ya aiko da buhun gero gudummawa. An sa walima bayan Babbar Sallah. Rago yana ɗaure a tsakar gida yana cin dusa a kan muƙamin da ban samu ba. Da na ce kamfani bai yi magana ba tukuna, Baba ya ce hassada ce irin ta manyan ofis, ya san halinsu tun zamanin reluwe. Nusaiba kuwa, Allah ya saka mata, ta riga ta yi masa albishir cewa akwai manhajar da zai riƙa ganin awannina a wayarta, yanzu kullum sai ya tambaya.

Inna, ina dariya ne kawai, amma raina a jagule yake. Tun da ya bar aiki babu abin da ake tambayarsa a kai sai littafin nan. Ina tsoron ranar da waya za ta ce masa duk shekarun nan kuskure yake rubutawa. In ɗauki ta kyautar, in ce masa ba ta nunawa?

Naki,
Mai kujerar dama, daga Ƙaura

Mai kujerar dama,

Sannu da ƙoƙari. Ana ba ka amanar rayuka a tsakiyar gajimare, amma gaya wa tsohonka cewa agogo biyu ne ya gagare ka.

Mu fara da abin da ka ce ka zo tambaya. Ɗauki ta biyun. Manhajar da ba ta aiki sai da sabis ba ta ɗan Zamfara ba ce, ka fi ni sanin yadda yake ɗaukewa ba sallama. Kafin ka biya, tambayi ofishinku ko ana karɓar shafukan da take bugawa, ka kuma tabbatar za ka iya kwashe bayananka duk ranar da ka gaji da ita. Logbuk ɗinka na takarda ka adana shi, sa hannun waɗanda suka koyar da kai yana ciki.

Ta kyautar kuwa, me za ta tsare maka? Za ta hana ranar walima zuwa ne? Za a yanka rago, a ci, a kira ka kyaftin, shekara ta zagayo kana nan a kujerarka. Lokacin ne majalisa za ta fara nata lissafin, kuma 'yan majalisa ba sa yin gyara. Kunyar da kake tausayin ya ji a ɗaki ita za ka kai masa bakin tasha.

Ban ce tsoronka banza ba ne. Dattijon da aka bar wa aiki guda ɗaya, in aka ce ya ɓata shi, zai ji zafi, kuma zai yi fushi. Amma duba da kyau, wa ya yi kuskuren? Mutumin da ya tsufa da rediyo a kunne ya san agogon GMT tun ba a haife ka ba. Kai ne ka yi ta karanto masa lamba ba ka taɓa faɗin ta wane agogo ba ce. Da wannan za ka fara, don shi ne gaskiya.

Ka kira shi a makon nan, shi kaɗai, ba a wayar Nusaiba ba, ba ta bakin Armiya'u ba. Ka faɗi naka laifin, sannan ka roƙe shi aiki. Dole ne ka shigar da tsofaffin tafiye-tafiyenka cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana da kwanan wata da garuruwa a jere. Ku bi su tare, ka ba shi lokutan sauka na gaskiya, ya fitar da sabuwar jimilla da hannunsa. Wanda ya ce wa majalisa ya binciko kuskure ya gyara, da kansa a sama yake faɗa. Ragon kuma ba asara, layya na tafe kafin walimar.

Abu na ƙarshe. In manhajar ta zauna, za ka ga kamar kiran nan bayan sauka ya zama wahala, tunda ga lamba a waya. Kada ka kuskura. Kai kana ganin awanni yake tarawa. Ni ina ganin tsoho ne zaune da agogo a hannu, ɗansa yana sama, ba ya samun natsuwa sai wayar ta yi ƙara.

Allah ya sa Baba ya huce da wuri, Allah ya riƙa sauke ka lafiya, ya kuma nuna masa ranar kujerar hagu da idonsa.

Inna Balaraba