Tagar Tela

Litinin, 4 ga Agusta

Na iso. Awa shida a mota, ukun ƙarshe duk hawa ne, kwana bayan kwana. Matar da ta zauna kusa da ni ta ɗora min buhun albasa a ƙafa, ta kuma yi barci a kafaɗata kamar ni na haife ta. Maƙwabciyata ce ta ce in zo nan, wai iskar kan dutse tana saukar da hawan jini. In Allah ya mai da ni gida, ni da ita ne.

Garin titi ɗaya gare shi, shi ma a tsaye yake. Masaukin ɗaki huɗu ne, gadon ƙarfe, bargo mai warin hayaƙi. Mai masaukin wata gajeriyar mata ce da bakinta ba ya hutawa. Ban ajiye jaka ba ta tambaye ni 'ya'yana nawa, maigidana yana da rai, me ya kawo ni. Na ce hutu. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "To Hajiya, Allah ya sa hutun ne."

Bari in rubuta gaskiya, tunda littafina ne. Ranar Lahadi Auta za ta tashi, ita da mijinta da 'yarsu, takwarata, zuwa wata ƙasa mai nisa, aikin shekara biyar. Wata huɗu kowa ya sani: yayyenta, dangin miji, har mai yi mata kitso. Ni da na haife ta ni ce ta ƙarshe, wai kada jinin Mama ya hau. Ai kuwa ya hau. Na ce mata ta tafi, kada ta kira ni, kada ta zo min sallama. Na san halinta, za ta zo. Shi ya sa na kulle gida na taho inda ba za ta same ni ba.

Ba gudu na yi ba. Hutu ne.

Talata, 5 ga Agusta

Waya ba ta aiki a garin nan. Na ɗaga ta sama a tsakar gida kamar mai roƙon ruwa, mai masauki tana ta dariya, sannan ta ce ai sai a tagar tela.

Matakala ɗari da goma sha biyu zuwa shagonsa, na ƙirga, gwiwoyina ma sun ƙirga. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen gari, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da taga mai kallon kwari. A duk garin nan, nan kaɗai waya ke kamawa, shi ma daidai tsakiyar tagar. In ka gusa da ita taƙi ɗaya ta ɗauke. Don haka ya ɗinka wani labule da aljihuna kusan arba'in na ragowar yadi, ya rataye a wurin, kowa ya zo ya saka tasa ya tafi gona. In ta yi ƙara shi ke ɗauka, ya buɗe muryar kowa na ji, ya gaisa da mai kira kamar sun saba. Daga nan ya leƙa taga ya ƙwala sunan mai wayar, gidan ƙasa su karɓa su miƙa wa na gaba, har kiran ya gangara ya same ka ko kana banɗaki.

Ina zaune aka kira mai gyaran babur. Yanzu na san surukarsa tana da basir, ni da ban san sunansa ba. Shekara talatin ina shugabar makaranta, ko takardar yaro ban taɓa buɗewa a gaban wani ba.

Na bar wayata dai, saboda yayyen Auta maza, ko wani abu zai taso. Aljihu mai ruwan goro ya ba ni, jeri na uku. Na ja masa kunne sosai: in mace ta kira ta ce ita 'yata ce, ba na son magana, kuma kada ma ya gaya min ta kira.

"Ko ta kira sau goma, Hajiya?"

Na ce ko sau ɗari.

Dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya dube ni ta samansa ya ce an gama.

Laraba, 6 ga Agusta

An ce akwai wani ruwa mai zubowa daga kan dutse, duk baƙo sai ya gani, kuma "nan kusa ne". Duk wanda ya sake ce min nan kusa a garin nan, Allah ya isa. Awa biyu ina tafiya. Da na isa gajimare ya sauko ya rufe komai, ƙarar ruwan kawai na ji, kuma wannan ko a famfon gidana ina ji. A dawowa santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin taɓo, wata saniya ta tsaya tana kallona tana tauna gefen mayafina.

Ban kai masauki ba labarin ya riga ni. Mai shayin bakin titi ya ce, "Sannu Hajiya, an ce saniya ta yi miki rakiya."

Yau an kira mai gyaran babur sau biyu, ungozoma sau uku, mai niƙa sau ɗaya. Ni "Baƙuwa" suke ce min. Ba a kira Baƙuwa ba. Ba wai ina saurare ba ne, ihun ne ba ya barin mutum ya huta.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Safata biyu a kowace ƙafa.

Na hau wajen tela da shuɗiyar rigata, hannunta ya yi min tsawo. Wayar tana nan cikin aljihunta, shiru. Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana huɗu. Ko sau ɗaya. Yarinyar da na goya har bayana ya kusa ɓallewa, wadda sai ta riƙe kunnena take barci. Na ce kada ta kira, e, na faɗa. To tun yaushe ta fara jin maganata?

Juma'a, 8 ga Agusta

Abincin gidan nan ya lalace. Ran da na zo da ɗanɗanonsa, yanzu lami, ko ƙwayar gishiri babu. Na yi magana, mai masauki ta ce ai gishiri ba ya yi min. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce fuskata ce ta nuna. Da safe kuma ta ƙwanƙwasa ƙofa da kofin ruwa, wai lokacin farar ƙwayar nan ya yi. Na rantse matar nan tana bincika min jaka.

Na sake kai rigar, wuyan ne bai zauna ba. Tela ya ɗaga ta ya jujjuya, ya ce, "Hajiya, jiya hannu, yau wuya. In na ƙara rage rigar nan sai dai a ba wa jikarki."

Na zauna a benci har la'asar ina jin matsalolin mutane. Saura kwana biyu.

Asabar, 9 ga Agusta

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi na tsaya shan shayi. Mai shayi yana zuba min ya ce, "Alhamdu lillahi, an ce zazzaɓin takwara ya sauka." Na ce wace takwara? Ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya hau goge teburin da ba abin da ya zube a kai.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba, ban ma ƙirga ba. Na shiga na ce wa tela ya dube ni ya faɗa min gaskiya. Ya tsai da keke, ya cire tabarau.

Kullum Auta tana kira. Tun ranar Talata, ina barin shagon ta fara, daga nan kullum da safe, kafin in gama jan gwiwoyina in hau. Ta je gidana ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ta zauna a dakali ta yi kuka. Ita ta ce a cire min gishiri. Ita ta faɗi lokacin magani, ta ce a ƙara min bargo don sanyi yana kama min ƙugu. Takwarata ta kwana biyu da zazzaɓi. Duk wannan a buɗe, a gaban duk wanda ke kan benci. Garin nan kaf sun san Auta, har addu'a suke mata, ni kaɗai ke yawo da riga a hannu kamar sakarya.

Na ce don me bai gaya min ba?

"Ke kika ce ko sau ɗari, Hajiya. Yau ne na biyar."

Na zazzage shi tas. Na ce masa munafuki, na ce shagonsa ba shago ba ne, gidan rediyo ne. Ya bari na gama, sannan ya ce shekara tara yana riƙe wa mutane waya, bai taɓa karya abin da mai ita ya ce ba, ba kuma zai fara a kaina ba. Wai ya yi ta jira in tambaya. Kullum in na shigo sai ya rage gudun keke don ya ji ko zan tambaya.

Abin haushin shi ne ya fi ni gaskiya.

Na sauka na haɗa kaya. In na kama mota yau, gobe da safe ina filin jirgi. Sai mai masauki ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu: ruwan Alhamis ya zabtare hanya a kwana ta uku, ba mota sai Talata. Kowa ya sani. Wannan ma ni ce ta ƙarshe.

Na koma sama na kira ta sau bakwai, ba ta shiga. Tela ya ce ta faɗa masa za ta yini wajen sallama da dangi, amma gobe kafin su shiga jirgi za ta kira ta ji ko na sha magani.

Ba zan ga fuskarta ba. Shekara biyar. Ni na jawo wa kaina, da ƙafata na hawo dutsen nan.

Lahadi, 10 ga Agusta

Tun kafin ya buɗe shago ina bakin ƙofa. Ruwa kuma, gajimare har cikin ɗaki. Tela ya ce in gari ya yi haka wani lokaci ko tagar ba ta kamawa. Na ce ya rufe min baki.

Kafin ƙarfe takwas benci ya cika. Mai masauki wai ta kawo zane, mai shayi wai maɓallinsa ya cire, ungozoma ko dalili ba ta nema ba. Na ce su ba ni wuri. Suka gyara zama.

Tara. Tara da rabi. An kira mai niƙa, na ji kamar in jefa wayarsa cikin kwari.

Goma saura, aljihu mai ruwan goro ya yi ƙara. Tela bai taɓa ta ba. Ya turo min kujerarsa don tagar ta fi ni tsawo, na hau, ungozoma ta riƙe min ƙafa. Na danna.

"Baba Tela, ina kwana. Ta sha maganinta?"

Na ce, "Na sha."

Sai na ji ta ce "Mama?" da irin muryar da take kirana tana ƙarama in ta farka ba ta gan ni ba.

Na kwana ina shirya magana mai tsari: Allah ya kiyaye hanya, a kula da yarinya, shi ke nan. Ko ɗaya ban tuna ba. Na ce na yafe mata, ita ma ta yafe min. Layin ya hau karkatsewa, tana cewa, "Mama ba na jin ki, ɗaga murya, ana kiran mu." Na ɗaga. Ba ta ji ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, na zura kai ta taga cikin ruwan sama na ƙwala iya ƙarfina: "Na yafe miki! Ki yafe min! Allah ya yi miki albarka!"

Ta ji. Tana kuka tana cewa ita ce mai laifi, tsoron fuskata ne ya hana ta faɗa. Ta sa wa takwarata wayar a baki, ta ce "Kaka" sau biyu, layin ya yanke.

Matar gidan ƙasa ta ji ihu daga tagar tela, ta yi abin da ta saba. Ina tsaye kan kujera na ji maganata tana gangarawa gida-gida, "An yafe, Allah ya yi albarka," har can wajen masu niƙa.

Ba wanda ya dube ni da na sauko. Mai shayi yana ta fyace hanci, wai mura.

Litinin, 11 ga Agusta

Muryata ta dishe. Abinci har yanzu lami.

Talata, 12 ga Agusta

An gyara hanya, mota ta tafi da hantsi. Ban bi ta ba. Gwiwata ba za ta ɗauki zaman awa shida ba, kuma rigar ba a gama ba, na ce wa tela ya mai da ita ta 'yar shekara uku tunda ya riga ya lalata ta.

Garin yana nan yadda yake, sanyi, taɓo, mutane ba sa iya riƙe bakinsu. Ban ga abin da maƙwabciyata ta gani a cikinsa ba.

Auta ba ta san lambar kowa a kai ba sai tawa, kuma in na kama hanya awa uku ba waya. In ta sami sabon layi ta kira ta ji shiru, hankalinta zai tashi, shi ke nan dalilin.

Na gaya wa tela in baƙuwar lamba ta shigo ya ɗauka, ya ce mata na sha magani. Ya ce to, sai kuma me? Na ce sai ya leƙa tagar ya kira ni, da ƙarfi, don ɗakina yana can ƙasa.