Shafi Na Biyu

Tudun Gawo, Difa, Nijar
28 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga Malam Shawulu, ofishin shirin kula da kogi, Nassarawa GRA, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida Milka da yara. Ni da Uwani muna nan ƙalau, sai dai ido da ya fara yi mini gardama. Yanzu ita ke karanta mini sandar awon ruwa daga bakin gaɓa, ni in rubuta, in karɓe yabon.

Ka tuna taron da kuka kira mu bara, kuka ɗura mana shayi kwana uku, aka yi alkawarin shirinku na Najeriya da namu na Nijar za su riƙa nuna wa juna abin da suka sani game da kogin nan? To ni Badamagare ban manta ba, ko da ku Kanawa kun manta. Kada ka ce mini kai Bazazzagi ne. Ka shekara goma kana shan ruwan Kano, ka zama nasu.

War haka bara sanda tana nuna mita biyu da rabi. Yau mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Furen tattasai yana zuba, injinan ban ruwa laka suke tsotsa. Mutanen gari sun daina gaishe ni da fara'a, suna cewa kullum ina auna ruwa amma ban taɓa ƙara musu ko ludayi ɗaya ba. Ruwan nan daga wajenku yake tasowa. Don Allah ka gaya mini inda yake maƙalewa, in samu abin faɗa musu.

Garba direban tattasai zai kawo maka wannan idan ya sauke kaya a kasuwar Yankaba. Ka ba shi amsa.

Naka,
Aƙilu

Nassarawa GRA, Kano
9 ga Nuwamba, 2002

Malam Aƙilu,

Gaisuwa da girmamawa, da barka da shan ruwa. Milka ta ce a gaida Uwani, ta ce ita ya kamata a ɗauka aiki a sallame ka.

Ka zo a kan gaɓa. Mun gama bincike, rahoton shafi biyu ne kacal. Ga na farko nan na haɗo maka, da taswira. Inda na zagaye da jan biro Zangon Kanya ne, ƙauyen da ke ɓangarenmu, tafiyar awa biyu sama da ku. Sun haƙa magudana daga kogi zuwa gonakin shinkafarsu. Idi, mai karanta mana sanda a can, shi ya auna ta da hannunsa. Ka san shi, wanda ya yi barci a taron har ya faɗo daga kujera.

Shafi na biyu yana cikin durowar Oga, yana jiran sa hannu, ni ma ban gani ba. Dokar ofis ita ce abin da ba a sa wa hannu ba ba ya fita. Amma na ce kada Badamagare ya ce mun ci alkawari, bari in aika da wanda ya nuna, ɗanyen ya biyo baya.

Mu nan lafiya. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a Milka ba ta fita kasuwa sai da gyale, maƙwabtanmu a Gawuna har Hajiya suke ce mata. 'Yan siyasa kuwa sun fara manna hotuna har a jikin katangar ofishinmu.

Ka huta lafiya.
Shawulu

Tudun Gawo
21 ga Nuwamba, 2002

Malam Shawulu,

Bayan gaisuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara ba.

Na yi abin da aka koya mana a taronku, cewa kada ilimi ya kwana a ofis, a kai wa jama'a. Ranar Jumma'a bayan an sauko na tsaya ƙofar Maigari na karanta takardarka, na ɗaga taswira kowa ya ga jan zagayen. Wallahi ina jin daɗi a raina, yau na kawo musu amsa. Ban rufe baki ba wani ya fizge taswirar daga hannuna.

Asabar da hantsi mazan garinmu suka tafi Zangon Kanya, sun fi mutum sittin, da azumi a bakinsu. Sun ce cike magudanar za su yi, shi ya sa suka ɗauki shebur da fartanya. Amma na ga adduna da baka a ƙarƙashin riguna. Na bi su a kan keke ina ihu, ba wanda ya waiwayo.

Da na isa an riga an kaure. Na ga an sari wani dattijo da shebur a fuska, ya faɗa cikin shinkafarsa. An cinna wa rumbuna wuta, mata suna gudu da yara cikin hayaƙi. Idi ya fito da littafin awonsa a hannu yana ɗagawa sama, yana cewa ku tsaya, ku tsaya in nuna muku. Kibiya ta same shi a wuya. Bai faɗi ba sai da mutum biyu suka bi shi da adda. Ni na janye shi daga cikin magudanar, jininsa yana bin ruwan da ake faɗa a kai. Ya gane ni. A hannuna ya cika.

Mutum huɗu nasu suka mutu, ɗaya namu. Sun cike magudanar tas. Yau kwana biyar, kuma sanda ba ta ƙaru ko da faɗin yatsa ba.

Wannan shi ya hana ni cin abinci. Idan magudanar ce ke shanye ruwan, ina ruwan? Malam Shawulu, don girman Allahn da muke bauta wa ni da kai, me ke cikin shafi na biyu?

Aƙilu

Gawuna, Kano
30 ga Nuwamba, 2002

Malam Aƙilu,

Ina gaishe ka, ina yi mana ta'aziyyar Idi. Ka ga adireshina ya canza, daga gida nake rubutu.

Da na karanta wasiƙarka na shiga wajen Oga ban ko ƙwanƙwasa ba. Na ce a ba ni shafi na biyu. Ya ce, "Shawulu, ka kwantar da hankalinka, sai bayan zaɓe." Na ce mutum biyar sun mutu. Ya ce, "To wa ya ce ka aika na farkon?" Wannan tambayar ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Ya fita sallar azahar, na sa sukundireba na ɓalle durowar. Kafin la'asar an ba ni takardar sallama, masu gadi suka raka ni har bakin get.

Ga shi nan, ka karanta. Magudanar Zangon Kanya ko kashi ɗaya cikin ashirin ba ta ɗauka. Ruwanku yana can sama, tafiyar kwanaki, inda ciyawar kacalla ta toshe kogi ya fantsama cikin daji. An ba wani babban mutum aikin share ta shekara biyu da suka wuce, ko lauje bai kai wurin ba, kuma yanzu takara yake yi. Abin da Idi ke son nuna musu ke nan. Shi ya auna, ya san tasu ba komai ba ce.

Ka ji abin da ya faru a Kaduna makon jiya a kan rubutun jarida. An ƙone shagon ƙanena, na zauna ina tsine wa mai rubutun da bai auna abin da alƙalaminsa zai jawo ba. Ashe ni ma na riga na yi nawa da jan biro. Ina jin kunya, ina jin haushin kaina, kuma tsoro ya kama ni.

Yanzu ka saurare ni. Kande matar Idi ta zo Kano karɓar kayansa. Ta ce mutanen Zangon Kanya sun kai ƙara kotun Shari'a suna neman ƙisasi, alƙali ya ce hannunsa ba ya haye kogi zuwa Nijar. Saboda haka mazan sun yi rantsuwa, washegarin Sallah za su haye da kansu. Kuma sunanka suke kira, wai kai ka kawo taswira. Ka ba Maigari takardar, ka ɗauki Uwani ku shiga motar Garba. Muna da ɗaki, Milka ta riga ta share. Kada ka yi mini taurin kan Damagarawa.

Allah ya kiyaye.
Shawulu

Tudun Gawo
4 ga Disamba, 2002

Malam Shawulu,

Bayan gaisuwa, takarda ta iso. Allah ya musanya maka aikinka da mafi alheri. Ka gode wa Milka da sharar ɗaki.

Maigari ba ya karanta boko, kuma ko yana yi ba zai tsaya gaban mutanensa ya ce sun kashe bayin Allah a banza ba. Na je wurin jandarma, sun ce motarsu ba mai. Ni na karanta na farko da bakina, ni zan karanta na biyu. Kai ka aiko rabi, ni kuma na san rabi ne na ɗaga shi gaban jama'a don a ce Aƙilu ya san aiki. Kada ka kwashe laifin kai kaɗai, rowar Kanawa har a nan?

Tun jiya Uwani ke maimaita mini shafin har na haddace, saboda idon nan. A mashigi zan tare mutanen Zangon Kanya, wajen sanda, inda gaɓa biyu za su ji ni.

Sanda yau, mita ɗaya daidai.

Naka har kullum,
Aƙilu

Tudun Gawo
11 ga Disamba, 2002

Malam Shawulu,

Ina gaishe ka, ina gaida Maman yara. Ni ce Uwani. Ka yi haƙuri da rubutuna, lambobi na fi sabawa da su.

Sun zo washegarin Sallah da safe, namu ma suka fito da makamai. Malam ya shiga ruwa har gwiwa ya tsaya jikin sanda, ya ɗaga takardarka yana faɗa da ƙarfi. Ya kai wajen maganar ciyawa ke nan sai yayan Idi ya iso gare shi da gatari. Sara biyu ya yi masa. Malam ya riƙe sanda da hannu ɗaya, ɗayan yana sama don kada takarda ta jiƙe.

Ni na shiga na karɓe ta. Tunda ni na koya masa, na san inda ya tsaya. Na ƙarasa, na sake daga farko. Ba wanda ya ƙara ɗaga hannu. Mutanen Zangon Kanya su suka taya mu fito da shi, kuma da su aka yi masa salla.

Jiya dattawan gari biyu suka zo tare, suna so a nuna musu inda ciyawar take, za su tafi da laujensu. Amma sun ce in tambaye ka tukuna, ka faɗa musu tsakaninka da Allah, ko akwai shafi na uku.

Na san ba ka ofis yanzu, amma Malam ya ce kada a fasa aiko maka. Sanda yau, saura yatsa uku ta cika mita.

Uwani