Ruwan da Fumika Ta Kira

Makarantar Masu Kiran Ruwa,
Tsibirin Shigure,
4 ga Satumba

Yaya Yoshino,

Zafi ya fara saki a nan, da safe har sai na yafa riga. Ina fata kina lafiya, da Mama da ciwon gwiwarta. Busasshen kifin da kuka aiko ya iso, 'yan ɗakinmu sun cinye rabi kafin in gama karanta wasiƙar.

Yaya, ruwana ya ƙi zuwa. Sati biyu ke nan ina tsayawa a filin koyo, in ɗaga hannu, in yi kiran yadda aka koya mana, sama ta yi mini shiru. Kin tuna watan farko da na zo ko raɓa ban iya kira ba, sai a watan Mayu abin ya buɗe, har malamai suna cewa jinin gidan Kasugai ya motsa. To, na koma gidan jiya. Jarrabawa kuma ashirin ga Oktoba, kin san wanda bai jiƙa dutsen gwaji ba jirgin ruwa ne zai mayar da shi gida.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa miki ba. Sunansa Hatta Naoyuki, ɗan aji uku, ɗan masunci daga kudu. Shi aka sa yana tsayawa a bayanmu 'yan aji ɗaya lokacin koyo, don kada wani ya kira tsawa bisa kuskure. Tun Mayu muke cin abincin rana tare a rumfar ƙararrawa. Ya ba ni ƙwansa, in ba shi kifina. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma haka, amma ai kin gane.

Da muka dawo hutu sai ya nemi a sauya masa aiki. Rumfar ma ya daina zuwa. Jiya na tare shi a wajen ajiye takalma, na kira shi yadda muke kiran 'yan ajin gaba, na ce, "Senpai, na yi maka laifi ne?"

Ya ce, "Ko kaɗan, Kasugai-san."

Kasugai-san, da sunan gidanmu, kamar wata baƙuwa! Mutumin da ya yi wata uku yana kirana Fumika.

Kada ki gaya wa Mama ko ɗaya daga ciki.

Ƙanwarki,
Fumika

*

Akita, 9 ga Satumba

Fumika,

Shinkafa ta fara ja a gonaki, manoma sun daina nemana, sai roƙo suke in bar musu rana. Mama lafiya, tana gaishe ki.

Ke matsala biyu kike gani, ni ɗaya nake gani. Ruwanki ya ɗauke a satin da yaron ya janye, kuma ba ki haɗa su ba?

Ina aji biyu aka yi wa ƙawata Kotone irin wannan. Wani ɗan aji uku ya yi ta raka ta yana ɗaukar mata jaka, ƙarshe ya karɓi matajin kanta wai don tunawa. Wanda ya riƙe abin da ya daɗe a jikinki zai iya jan ƙarfinki da shi. Ba a koya muku wannan sai a aji uku. Yau Kotone tikiti take sayarwa a tashar jirgin ƙasa, shi kuwa ya fita da sakamako mai kyau.

Ki duba da kyau. Yaro ba shi da kowa a wannan sana'a, shekarar fitarsa ce, ga 'yar gidan da suka yi zuriya bakwai suna kiran ruwa tana miƙa masa kifi tana murmushi.

Ki amsa mini abu biyu, ban da kwana-kwana. Kin ba shi wani abu naki? Kuma yaya nasa ruwan yake tun da naki ya ɗauke?

Ki riƙa saka safa.

Yayarki,
Yoshino

*

Shigure, 16 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Safa ina sakawa.

Na ba shi jan zaren da nake ɗaure gashi, wanda Kaka ta saƙa mini. Ba roƙa ya yi ba. Faɗuwa ya yi, ya tsinta, na ce ya riƙe.

Tambaya ta biyu ce ta hana ni rubutu da wuri. Ranar Asabar 'yan aji uku suka yi gwaji a gaban kowa. Ruwan da ya kira sai da ya cika kwata ya shiga ɗakin cin abinci. Da kunnena na ji abokinsa yana cewa, "Kai Hatta, me kake ci kwanan nan? Kafin hutu ko rabin wannan ba ka kaiwa." Bai yi dariya ba. Ya waiga wajen da muke zaune, muka haɗa ido, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Sau biyu kuma na gan shi yana fitowa daga ofishin Malama Ibuki, mai kula da jarrabawa. Na bi shi a baya har gangaren teku kamar wata 'yar sanda, ban ga komai ba sai shi zaune a kan dutse.

Ina so in tsane shi, abin ya ƙi. Don girman Kaka kada ki yi komai tukuna.

Fumika

*

Akita, 21 ga Satumba

Zuwa ga Hatta Naoyuki-san,

Ina fata sanyin kaka ya same ka lafiya. Ni ce Kasugai Yoshino, yayar Fumika. Na gama makarantarku shekara shida da suka wuce, saboda haka na san abin da ake koyarwa a aji uku, na kuma san abin da ake yi da zaren gashin yarinya.

Na ba ka kwana goma. Ka mayar wa ƙanwata abin da ka ɗauka, ko in rubuta wa shugabar makaranta da sunana da hatimin gidanmu. Fumika ba ta san na rubuto maka ba.

Ka huta lafiya.

Kasugai Yoshino

*

Shigure, 26 ga Satumba

Zuwa ga Kasugai Yoshino-san,

Ina miƙa gaisuwa da girmamawa. Ki gafarci munin rubutuna. Ga zaren a cikin ambulan, ki gwada shi yadda kika sani, ba za ki samu komai a jikinsa ba.

Ban ɗauki komai daga Fumika-san ba. Abin da na yi ya fi wannan muni ko bai kai ba, ke za ki faɗa.

A watan Mayu aka sanar cewa duk wanda bai kira komai ba zuwa ƙarshen wata za a rubuta wa iyayensa. Ranar ina tsaye a bayanta, tana ta maimaita kiran har muryarta ta dishe. Sai na tura mata nawa ƙarfin ta baya. Sau ɗaya na yi niyya. Ruwa ya sauka, ta juyo tana tsalle, gashinta a jiƙe, ni ta fara kallo. Washegari na sake. Haka na yi ta yi har hutu.

Malama Ibuki ta gano a watan Yuli. Ta ce idan na ƙara, mu biyu za a kora. Shi ya sa na nemi sauyin aiki. Ruwana ya ƙaru ne don na daina raba shi biyu. Rumfar kuwa na daina zuwa don ba na iya cin abinci tana ba ni labarin ruwanta.

Tana da nata, na ji shi. Siriri ne, kuma wata uku na yi ina danne shi da nawa, lokacin da ya kamata ya girma. Ban sani ba ko zai kai ga jarrabawa.

Daga saman hasumiyar ƙararrawa ƙarfina yana kaiwa filin gwaji. Idan kin amince zan yi sau ɗaya na ƙarshe. In an kama ni zan rantse ba ta sani ba, wataƙila su bar ta. Ni jirgin kamun kifin babana yana nan, ba zan rasa abin yi ba. Ki ce eh ko a'a. Roƙona ɗaya, kada ta sani.

Naki cikin ladabi,
Hatta Naoyuki

*

Akita, 2 ga Oktoba

Fumika,

Gaisuwa. Na yi abin da kika hana ni, na rubuta wa yaron. Ga amsarsa na haɗo miki, ki karanta a inda babu kowa.

Na gwada zaren, babu komai. Na zarge shi da abin da bai yi ba, zan ba shi haƙuri da kaina.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu wasiƙarsa ta yi a aljihuna. Na tuna fuskar Mama in jirgi ya dawo da ke, na ɗauki alƙalami zan rubuta masa eh. Sai na ga in na yi haka mun zama mu biyu ke nan muna yanke miki rayuwa a bayan idonki.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki rubuto.

Yayarki

*

Shigure, 10 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaida Mama. Ke kuma sai na huce.

Na same shi yana sharar matakalar ɗakin karatu. Na miƙa masa wasiƙarsa, ya gane rubutunsa, tsintsiyar ta faɗi.

Na ce, "Duk ranar da na yi tsalle ina murna, kana bayana kana kallo?"

Ya ce, "Eh."

"Ka ji daɗi?"

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "Har wasiƙa na rubuta gida ina alfahari. Ka mayar da ni abin dariya, ni kaɗai ce ban sani ba."

Ya ce, "Ba wanda ya yi dariya."

Na ce, "Ni zan yi, in na tsufa. Yanzu dai ban da hasumiya."

Ya yi alkawari. Amma Yaya, mutumin da ya ce sau ɗaya ya yi wata uku, alkawarinsa nawa ne? In ruwa ya sauka ranar jarrabawa alhali yana tsibirin nan, har in mutu ba zan san na wane ne ba.

Na je wajen Malama Ibuki na faɗa mata na sani. Ta ce ƙarfin ɗalibi ba ya tsallake teku, ta kuma ba shi izinin fita. Ranar ashirin zai hau jirgin safe. Ki zo tashar jiragen ruwa ki tare shi, ki zauna da shi har a gama. Ban yarda da shi ba, ke ma ban gama yarda da ke ba tun da kika yi kwana biyu kina tunani. Sai ku tsare juna.

Kullum da asuba ina filin koyo ni kaɗai. Shekaranjiya na ji iska ta yi sanyi a tafin hannuna. Ko kuma sanyin gari ne kawai.

Fumika

*

Shigure, 20 ga Oktoba

Yaya,

Matuƙin jirgin yamma zai ba ki wannan hannu da hannu.

Na daɗe a tsaye a filin gwaji har wasu suka fara tari. Sai ga yayyafi, ɗan kaɗan, faɗinsa bai fi tabarma ba. Malama Ibuki ta durƙusa ta shafa dutsen, ta ɗaga yatsanta a jiƙe. Na ci. Ni ce ta arba'in da ɗaya cikin arba'in da ɗaya.

Ki gaya wa Mama komai, daga farko.

Shi kuma ki sako shi a jirgin gobe. Ban yafe masa ba tukuna. Ki ce masa ya zo ya ji haka daga bakina.

Ƙanwarki,
Fumika